Dokar laifukan intanet da matsalar fassara: misalin iyakar Ƙonni

1. Gabatarwa

A cikin wannan taƙaitaccen nazari za mu duba yadda dokokin tsaron Nijar suke fuskantar sabon salon yaƙi, wanda Faransanci ke kira «guerre hybride». Mu mun kira shi yaƙin gamin gambiza, wato wanda ake haɗa bindiga da jita-jita da kutse cikin kwamfuta.

2. Abin da doka ta tanada

Doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 ita ce ta tsara hukuncin laifukan intanet. A 2022 an soke ɗauri a kan zagi da ɓata suna, sannan a watan Yuni 2024 aka maido da shi. Mai yaɗa bayanin da ka iya ta da hankalin jama'a kuwa, ɗaurinsa ya kama daga shekara 2 zuwa 5.

3. Inda harshe ya shigo

Daga Ƙonni zuwa Malbaza da Illela, har Illelar Najeriya, harshe ɗaya ake yi. Saƙon murya na WhatsApp yana ƙetare iyaka ko da a rufe take, kamar yadda aka gani bayan 26 ga Yuli 2023. Saƙon da Hausa yake, doka kuwa da Faransanci. Ke nan tafinta ne ke tsakanin wanda ake tuhuma da alƙali. Ga misali biyu:

(a) Kalmar «wai» tana nuna mai magana bai ɗauki alhakin labarin ba. In tafinta ya yar da ita, «wai an kai hari» ya koma tabbaci, mai isar da ji-ta-ji-ta ya zama mai ƙirƙira ta.

(b) Kalmar «tsaro» ta haɗa «défense» da «sécurité». A doka kuwa na farko aikin soja ne, na biyu galibi na ƴan sanda da jandarma. Talaka ba zai gane hurumin kowa ba in kalma ɗaya ta rufe su.

4. Kammalawa

Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa. A ganinmu, abin da ya rage shi ne a fassara wannan doka, a daidaita kalmominta, a kuma horar da tafintocin kotu. Dokar da mutum bai ji da harshensa ba, wuya ne ta zame masa garkuwa.