Ruwan da ke ɓuya cikin moto bayan wanki

Yau maganarmu a kan moto take. Kada wani ya ce me ya kawo moto a shafin lafiya da noma. A ƙauyukanmu moto ne ke kai buhun albasa bakin hanya. Shi ke kawo taki da iri daga kasuwa. In naƙuda ta kama mace da tsakar dare, sau da yawa shi ne ke kai ta gidan likita. Moton da ya ƙi tashi a irin wannan dare ya jawo wa gida babbar masifa.

Wata damana na dawo daga rangadi, motona ya sha laka har sirdi. Da la'asar na kai shi wurin masu wanki. Yara suka wanke shi tas, suka goge tanki har yana ƙyalli. Da yake wurin kusa da gidana ne, ban tada shi ba, na tura shi da hannu. Da asuba na buga, ya ƙi. Na yi ta bugu har gumi ya jiƙa mini riga. Sai da hantsi makanike ya zo. Ya cire hular buji, ya girgiza ta, ya hura da baki, ya goge da tsumma. Ruwan da ya fito bai cika cokali ba. Bugu ɗaya moto ya tashi. Wannan ɗan ruwa shi ya cinye mini rabin yini, mutane suna can suna jirana a wani gari.

Inda ruwa ke maƙalewa

Tsumma yana goge abin da ido ke gani ne kawai. Rana ma haka take, bayan moto take busarwa. Amma moto yana da lunguna da yawa, kuma a can ruwa ke kwana.

Na farko shi ne wurin buji, wanda wasu ke kira fulogi. Wutar da ke zuwa buji tana da ƙarfi ƙwarai, volt dubbai ce. Aikinta shi ne ta yi tsalle a bakin buji ta kunna esansi. In ta sami ruwa mai datti a hanya, sai ta bi ruwan ta zurare cikin ƙarfen inji. Ba tartsatsi, ba tashi. Haka kuma ruwa yana shiga ramin makulli, da maɓallan fitila da na oda, da mahaɗar wayoyi a ƙarƙashin sirdi. Nan ba ya nuna kansa da wuri. Sai bayan makonni ka ga fitila tana ƙyaftawa, ka buɗe ka tarar waya ta yi kore.

Sarƙa kuwa, sabulun gari yana wanke mata mai duka. In ta kwana a jiƙe, da safe za ka iya ganin jan tsatsa a kanta. Tsatsa da yashi su ne ke cin sarƙa da haƙoranta. A wuraren da ruwan rijiya ke da kanwa ko gishiri, tsatsar ta fi sauri, kuma ruwan yana barin farin tabo a fenti.

Wanda ya fi haɗari shi ne birki. Yawancin ƙananan moto da ke yawo a ƙasarmu birkinsu na cikin kwano ne, a rufe. Ruwa ya shiga, ba ya fita da sauri. Ka taka birki, ƙafa tana ta juyawa. A gaban jaki ko yaro mai tsallaka hanya, taku biyu sun isa su raba lafiya da asibiti.

Aikin iska

A wuraren wanki na birane kamar Maraɗi, Zinder, Tawa da Yamai, ana samun masu busar da moto da iska. Dabara ce mai kyau. Iska tana shiga inda yatsa ba ya kaiwa, ta koro ruwa waje. Ba ta kuma karce fenti, alhali tsumma in ya ɗauki yashi yana zama kamar sandar gurza.

Amma injin iska iri biyu ne, ya kamata a bambanta su. Akwai ƙaramin injin hura iska na hannu, mai aiki da lantarki ko batir, irin wanda ake kakkaɓe ƙura da shi. Shi yana ba da iska mai yawa, amma mai taushi. Ɗan'uwan zugazugin maƙeri ne. Shi ya fi dacewa da wannan aiki. Akwai kuma kwamfaresa, babban injin masu faci mai tulu. Shi yana matse iska ne. A cikin tulunsa ƙarfin iska yakan kai kilo 6 zuwa 8, alhali tayar moto kilo 2 ko kusa da haka take sha. Iskarsa siririya ce mai kaifi. In aka kusanta bakinsa da gindin ƙafa, inda boris yake, sai ta tura ruwa da yashi ciki ta bayan robar da ke tsare man giris. An zo korar ruwa, an cusa shi. Bayan haka, tulun kwamfaresa kansa yana tara ruwa. In mai shi ba ya buɗe ƙasan tulun yana zubarwa, iskar da ke fita jiƙaƙƙiya ce.

Ga yadda ake yi. A ajiye moto a kan siminti ko ƙasa mai danshi, domin a kan busasshen yashi iska za ta tada ƙura ta mayar wa moto. A fara daga sama a gangaro ƙasa, tun da ruwa ƙasa yake bi: madubi, kan moto, maɓallai, tanki, sirdi, sannan inji. A daɗe a tsakanin haƙarƙarin inji da kewayen buji. A busar da ramin buji tun kafin a cire hularsa, sannan a cire hular a hura cikinta. A juya ƙafar baya da hannu a hankali, ana hura sarƙa. Kada a yi wannan inji yana aiki, sarƙa ta sha yanke yatsun mutane. Wuri uku ne ba a nufa da iska kai tsaye: gindin ƙafafu, bakin matatar iska, da bakin salansa. Shi salansa, tun kafin wanki ake toshe shi da leda, a cire bayan an gama.

Iska ba abin wasa ba ce

Nan ne nake so iyaye su saurara, domin yawancin masu wankin moto ƴaƴanmu ne. Na sha ganin yaro ya gama aiki, ya juya bakin tiyo yana kakkaɓe rigarsa da sumarsa. Na ga wani yana tsokanar abokinsa da shi, suna dariya. Iskar kwamfaresa tana iya fasa dodon kunne. Tana iya harba tsakuwa cikin ido. In ta sami rauni a fata, tana shiga ƙarƙashin fatar, har cikin jini. Mafi muni, in aka nufa ta bayan mutum, tana ratsa wando ta shiga dubura ta fasa hanji. Mutane sun mutu ta wannan wasa a ƙasashe dabam-dabam. A Amurka doka ta hana ma'aikata kakkaɓe abu da iskar da ƙarfinta ya wuce wajen kilo 2. Wanda irin wannan ya same shi, ko bai ji zafi sosai ba, a kai shi likita nan take.

Ƙaramin injin hannu bai kai nan haɗari ba, amma shi ma yana da nasa. Wutar gida volt 220 ce, wurin wanki kuma a jiƙe yake. Yaro ba takalmi, hannu da ruwa, waya mai faci da leda tana kwance cikin kwata: abin da ya rage kaɗan ne. A sa takalmin roba, a goge hannu, a rataye waya sama. A sa tabarau ko na rana ne. Mai yin aikin yini guda ya toshe kunnensa, domin ƙara mai yawa tana rage ji a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

To, wanda ke ƙauye ba lantarki fa? Famfon keke yana yi. Ba shi da saurin inji, amma ya isa ya busar da ramin buji da na makulli da mahaɗar wayoyi. Sauran jiki a bi shi da tsumma mai tsabta. A jingina moto dama, a jingina shi hagu, ruwan da ke kwance ya zubo. Ni dai ina ganin rabin matsalar tun wurin wanki ake kawo ta. Masu tura moto cikin tabki har rabin ƙafa su daina. Boris yana shan ruwa, mai yana ɓata ruwan da dabbobi ke sha, mai wankin kuma yana iya kwasar tsargiya. Bokiti biyu a gefe sun wadatar. A kuma bari inji ya huce kafin a zuba masa ruwa.

In moto ya bushe, sai a sa wa sarƙa mai. Ba a sawa tana jiƙe, domin man yana rufe ruwa a ciki. Man giya mai lamba 80 ko 90 yana yi, kaɗan, a goge wanda ya yi yawa don kada ya kama yashi. Baƙin man da aka juye daga inji yana ɗauke da garin ƙarfe, ba shi ne ya fi ba.

Daga nan a tada moto, a bar shi ya yi zafi na ƴan mintoci a fili, ba cikin ɗaki ba, saboda hayaƙinsa guba ne. Sannan a hau a tafi sannu a hanyar da ba mutane, ana taɓa birkin gaba da na baya a hankali, ana saki. Zafin gugar zai busar da su. Sai an ji sun kama sosai za a ɗauki kaya ko fasinja.