Hukumar Koke-koken Jama'a: Tana Da Kunne, Ba Ta Da Haƙori

SHEDA, Abuja. Ɗan kwangilar da ya gama aikin gwamnati amma kuɗinsa suka maƙale har sai ya ba da na goro, ko a nan Sheda ta yankin Kwali yake ko a Kantin Kwari, akwai inda doka ta tanadar masa ya kai kuka ba tare da lauya ko kuɗin shari'a ba. Wurin shi ne Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa da doka mai lamba 31 ta 1975, kuma Alhaji Yusuf Maitama Sule ne babban kwamishinanta na farko.

Ikonta na bincike yana da faɗi, domin ya haɗa ma'aikatun tarayya da na jihohi da ƙananan hukumomi, har ma da kamfanoni masu rajista, abin da 'yan kasuwa da yawa ba su sani ba. Sai dai in ta gama bincike, iyakarta ta ba da shawara. Ba ta da ikon tilasta wa jami'i ya biya ko sisin kwabo, ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu, kuma ƙorafin da ya wuce wata 12 ba a kawo shi ba, ya sha ruwa. Gurfanar da masu cin hanci kuwa aikin ICPC ne, wadda aka kafa a 2000, da EFCC da ta fara aiki a 2003.

A Afirka ta Kudu an ga abin da haƙori ke yi. A 2014 takwarar wannan hukuma, ƙarƙashin Thuli Madonsela, ta ce Shugaba Jacob Zuma ya mayar da wani kaso na kuɗin gwamnati da aka kashe a gidansa na Nkandla. Ya yi ta jan ƙafa, har Kotun Tsarin Mulki ta yanke a 2016 cewa umurnin hukumar wajibi ne. Ya biya rand miliyan 7.8.

Tamu kuwa, a wannan shekarar ta 2016 ma'aikatanta suka rufe ofisoshi saboda an zaftare kasafinta har albashi ya gagara cika. Hukumar da ke jiran abincinta daga hannun waɗanda take bincika, 'yancinta na takarda ne, kuma ɗan kwangilar da ya san haka yakan sa kuɗin goro cikin farashin aiki tun daga farko.