Wankin Saiwar Haƙori: Aikin da Ke Hana a Cire Haƙori

Haƙori yana da rai a cikinsa. Ƙarƙashin farin ɓawon da ido ke gani, wanda ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, akwai wani sashe mai ɗan launin rawaya, a tsakiya kuma akwai ɓargo mai laushi inda jijiyoyin ji da na jini suke. Ɓargon yana gangarawa ta wasu siraran hanyoyi har ƙarshen saiwa, cikin ƙashin muƙamuƙi. Haƙorin gaba galibi hanya ɗaya gare shi, turmi kuwa uku ko huɗu.

Idan kogo ya yi zurfi, ko haƙori ya tsage, ko ya bugu, ƙwayoyin cuta sukan kai ga ɓargon. Sai ya kumbura, ga shi ba wurin buɗawa, domin tauri ya kewaye shi ta ko'ina. Shi ya sa ciwon yake zogi, ya tsananta da dare, abu mai zafi ko sanyi ya tayar da shi ya daɗe bai lafa ba. Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne ranar da ciwon ya ɗauke da kansa. Sau da yawa ba warkewa ba ce, jijiyar ce ta mutu, cutar kuma ta zarce ƙasa tana tara mugunya, har dasashi ko kumatu ya kumbura. Kanumfarin da ake cusawa a kogo yana rage zafi da gaske, amma ba ya kai wa ga tushen cutar. Haka maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake sha: jini ne ke kai shi inda zai yi aiki, mataccen ɓargo kuwa jini ya daina shigarsa.

A nan wankin saiwa yake shigowa. Likita zai ɗauki hoton haƙorin, ya yi allurar kashe zafi, ya keɓe shi da siririyar roba don kada yawu ya shiga. Wani likita a New York, Sanford Barnum, ya ƙirƙiro wannan roba a 1864. Daga nan sai a huda haƙorin ta sama, a kwashe ruɓaɓɓen ɓargon da wasu ƙananan ƙarafa masu kama da allura, a faɗaɗa hanyoyin, a yi ta wanke su da ruwan magani. Bayan sun bushe a toshe su da gutafaca, wani ƙaro da ake samu daga bishiyoyin yankin Malesiya, sannan a cike ramin. Zama ɗaya ko biyu yakan isa. Turmi yakan buƙaci a sa masa hula, domin haƙorin da aka rarake yana saurin tsagewa wurin tauna. Mutane da yawa suna sakaci da wannan mataki da zarar zafi ya tafi, kuma sakacin yakan ɓata aikin duka.

Likitan haƙori na gama-gari yana yin wannan aiki, amma akwai ƙwararrun da suka keɓanta da shi, waɗanda ake kira endodontis. Sukan ƙara shekara biyu ko uku na horo bayan kammala karatun likitan haƙori. A Amurka sun kafa ƙungiyarsu a 1943, aka amince da fannin a matsayin ƙwarewa mai zaman kanta a 1963. Wurinsu ake tura haƙorin da saiwarsa ta lanƙwashe, ko hanyarsa ta toshe, ko wanda aka taɓa wankewa cutar ta dawo. Suna aiki da madubin ƙara girma, wanda ke nuna ɓoyayyiyar hanyar da ido ba ya gani. Idan sake wanki bai wadatar ba, sukan buɗe dasashi su datse ƙarshen saiwar su toshe ta daga ƙasa.

Cirewa ta fi arha a ranar farko, shi ya sa da yawa suke zaɓarta. Sai dai giɓin da ta bari yakan sa maƙwabtan haƙora su karkata, ƙashin wurin ya zaizaye, kuma haƙorin da za a dasa a madadinsa yakan fi wankin tsada. Haƙorin da aka wanke da kyau, aka rufe shi da kyau, ana goge shi kullum, yana iya ɗaukar shekaru masu yawa yana aiki.