Ibada a Bakin Dutsen Niƙa: 'Yan Warkari na Indiya da Hidimar Gida

A garin Pandharpur da ke jihar Maharashtra a Indiya akwai wani wurin bauta a gaɓar kogin Bhima. Gunkin da ke cikinsa, wanda ake kira Vithoba, yana tsaye ne a kan tubali, hannuwa riƙe da ƙugu. Masu bautarsa suna cewa jira yake yi. A labarin da suka gada, wani saurayi mai suna Pundalik yana tsakiyar yi wa tsofaffin iyayensa hidima sai Krishna, ɗaya daga cikin manyan ababen bautar Hindu, ya iso ƙofar gidansa. Pundalik bai tashi ba. Tubali ya jefa masa ya ce ya tsaya a kai har ya gama. Baƙon bai ɗauki abin a matsayin raini ba, daɗi ma ya ji, kuma a cewarsu yana nan tsaye har yau.

Mu da muka san Indiya ta fina-finai, idan aka ce mai ibadar Hindu, tsoho muke gani mai dogon gemu da mayafi ruwan goro, ya bar gida ya shiga daji. Akwai irinsu kuwa, domin tsoffin littattafansu sun raba rayuwa mataki huɗu: karatu, magidanci, janyewa daga harkokin gida, sai barin duniya ɗungurungum. Sai dai tun da can ake jayayya a kan ko lallai sai mutum ya saki iyali da sana'a kafin ya kusanci abin bautarsa. Littafin Bhagavad Gita, mai babi 18 da baiti 700, kan wannan jayayya ya tsaya. Jarumi Arjuna ya ajiye bakansa a fagen fama, yana ganin gara ya koma bara da ya yaƙi danginsa. Abin da Krishna ya koya masa shi ne babu mai rai da zai iya zama ba aiki, saboda haka mutum ya sauke nauyin da ke kansa ba tare da ya rataya zuciyarsa a kan sakamako ba, ya miƙa aikin ga abin bauta.

Da harshen Sanskrit aka rubuta littafin, harshen malamai 'yan Brahman, wanda manomi ba ya ji. A 1290 wani matashi mai suna Dnyaneshwar ya yi masa sharhi da Marathi, harshen kasuwa da na tsakar gida. Daga nan tafarkin da ake kira Warkari ya bunƙasa, kuma duk wanda ya duba waliyyansa zai ga kamar layin kasuwa yake bi: Namdev tela ne, Gora maginin tukwane, Sena wanzami, Narahari maƙerin zinariya, Savata kuma mai lambu. An ce Savata bai taɓa tafiya Pandharpur ba duk da ƙauyensu, Aran, ba shi da nisa da can. A waƙoƙinsa cikin albasa da tafarnuwar lambunsa yake ganin abin bautarsa.

Wadda ta fi taɓa mini zuciya ita ce Janabai, 'yar aiki a gidan su Namdev. Tun tana yarinya take shara, niƙa, ɗebo ruwa da tsintar kashin shanu na girki. Ba ta da ranar hutu, balle ta keɓe don ibada. A waƙoƙin da ake jingina mata, Vithoba ne ke zuwa inda take: ya kama mata hannun dutsen niƙa, ya taya ta shara, ya ɗaukar mata kwando, har ya wanke mata kai. Wannan mace ba ta nemi a ɗauke mata aiki ba, ta dai ƙi yarda cewa aikin ya nesanta ta da wanda take bauta wa. Matan karkara a Maharashtra sun daɗe suna rera waƙoƙinta a bakin niƙa da asuba. Aƙidarsu da ta Musulmi ko Kirista sun yi hannun riga, babu ja a nan, amma duk macen da ta taɓa tsayawa tsakanin murhu da kukan jariri tana ganin lokacin nafila na wuce ta, ta san tambayar da Janabai ke amsawa.

Abin bai zo wa kowa da sauƙi ba. Tukaram na garin Dehu, wanda ya rayu a ƙarni na 17, mai shago ne da ya rasa matarsa ta farko da ɗansa a wata yunwa wajen 1630. Daga nan ya duƙufa kan waƙa da ambato, shago ya durƙushe, kuma shi da kansa ya saka ƙorafin matarsa ta biyu a waƙoƙinsa, tana kukan babu hatsi a gida.

Har gobe, kowace shekara a tsakanin Yuni da Yuli, dubban ɗaruruwan mutane suna takawa a ƙasa daga garuruwan Alandi da Dehu zuwa Pandharpur, tafiyar kusan kilomita 250 cikin mako uku, suna rakiyar takalman Dnyaneshwar da Tukaram. Yawancinsu manoma ne da suka yi shuka da ruwan farko. Suna rataya carbin itacen tulsi, ba sa cin nama, ba sa shan giya, suna kiran juna Mauli, wato uwa, mace ko namiji. Ana gama ziyara kowa ya koma gonarsa, babu wanda ake nema ya rabu da mata ko garma.

Amma koyarwar nan tana da kaifi biyu, kuma bai kamata a rufe ido a kai ba. A ƙasar da ake gadon sana'a da daraja tun daga haihuwa, cewa mutum ya riƙe aikinsa a matsayin ibada yana iya zama hanyar danne shi a inda yake. Chokhamela waliyyi ne na ƙarni na 14 daga al'ummar Mahar, waɗanda a lokacin ake ƙyamar taɓawa, masu janye mushen shanu daga gari. Ya yi wa Vithoba waƙoƙin da ake rerawa har yanzu, amma ba a taɓa barinsa ya tsallaka ƙofar wurin bautar ba. Bangon da yake leburanci a jikinsa a garin Mangalvedha ne ya rufta masa, aka binne ƙasusuwansa a gaban ƙofar wurin bautar Pandharpur, daga waje. B. R. Ambedkar, jagoran rubuta tsarin mulkin Indiya, shi ma ɗan Mahar ne, kuma bai gamsu da darajar da ke tsayawa a baki ba. A 1956 ya bar addinin Hindu ya koma na Buddha a Nagpur tare da ɗimbin mabiyansa. Ita kuwa ƙofar Pandharpur sai a 1947 aka buɗe wa jikokin su Chokhamela, bayan marubuci Sane Guruji ya shiga yajin cin abinci a kan maganar. Mata da waɗanda ba 'yan Brahman ba, sai a 2014 hukumar wurin ta fara karɓarsu su jagoranci bauta a ciki.