Tsallen ruwa a gindin shinge

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Tanut da Belbeji, kun san halin ƙoramun kwarin Tarka, daga Damargu har Dakwaro da Madawa. Wata tara suna bushe. Ran da aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, sai su taso su ci gona.

Shi ya sa ake tare ƙorama da shingen dutse, don ruwa ya dakata ya shiga ƙasa, rijiyoyi su samu. Amma sau da yawa shinge daga gindi yake lalacewa. Mi ya sa?

In ruwa ya faɗo daga kan shinge, siriri ne, ga gudu. Yana cin karo da ruwan da ke tafiya sannu a gaba, sai ya yi tsalle, ya kumbura, ya yi kumfa yana juyawa. A nan ƙarfinsa yake karyewa. In tsallen ya faɗa bisa yashi, rami zai haƙa, ramin ya ci baya har shinge ya rufta.

Wasu na cewa iska ce ke ɗaga shi. Ba haka ba ne. Gaskiya iska tana da nauyi: kusan kilo 1 take dannawa a kan wuri kamar farcen yatsa. Amma yadda take danne ruwa kafin tsalle, haka take danne shi bayan tsalle. Kamar tiya ɗaya ce a kowane gefen jaki, kaya ba ya karkata. Don haka masu lissafin gini ba su sa ta cikin lissafin tsalle. Gudun ruwa da zurfinsa suke aunawa.

Inda iska ke da magana, shi ne bayan ruwan da ke zubowa. In ba ta samu hanyar shiga tsakanin ruwa da bango ba, iskar waje sai ta manna ruwan ga bango, ya riƙa dukan gindin gini.

To, dutsen da aka shimfiɗa a gindin shinge ba ado ba ne. Kada a kwashe shi don ginin gida. Bayan kowane babban ruwa a je a duba, wanda ya gusa a mayar.

Makiyaya kuma, a hana yara da bisashe shiga wurin kumfan nan. Ruwan sama-sama baya yake komowa wajen shinge, abin da ya kama ba ya saki da sauƙi. A shayar can ƙasa, inda ruwa ya lafa.