ME YA SA BORIS KE MUTUWA DA WURI?

Jama'a manoma, ga rani ya kama, masu lambu sun fito da injinan ban ruwa, injinan niƙa da na sussuka kuwa ba su hutawa. A wannan lokaci kukan da mu malaman gona mu ka fi ji shi ne na boris. Mutum ya sayi sabo ya sa, bayan mako uku ya soma ƙara, ya yi zafi, ya watse. Sai ya koma wa mai kanti da faɗa, ya ce jabu ya sayar masa. Kafin a gama gardama alkama ko tumatir ya kwana huɗu ba ruwa.

Gaskiya ne akwai jabu a kasuwa. Amma sau da yawa boris ba shi da laifi, mazauninsa ne ya ɓaci. Ko na kirki ka sa a mugun mazauni, lalle zai bi sawun na fari.

Boris yana da zobe biyu, na ciki da na waje, da 'yan ƙwallayen ƙarfe a tsakani. Na ciki yana zama a kan sandar ƙarfen nan da makanikai ke kira shaf, na waje kuwa yana shiga cikin rami, watau gidan boris. Ga ka'idar, a riƙe ta da kyau: zoben da ke juyawa alhali nauyi na danna shi ta gefe guda, shi ne za a matse ƙam. Wanda ke tsaye sai a bar shi ya shiga da turin hannu, amma ban da girgiɗi.

Dubi injin niƙa. Bel yana jan fuli ta gefe ɗaya kullum, shaf na juyawa da zoben ciki. Saboda haka zoben ciki ne zai kama shaf ƙam, na waje ya zauna a gidansa da sauƙi. Haka abin ya ke a yawancin injinan ban ruwa. Amma ƙafar amalanke ko ta tirela akasin haka ce. Can sandar tsaye ta ke, cibiyar ƙafar ce ke juyawa da zoben waje. To, a nan zoben waje za a matse cikin cibiya, na ciki ya zurma a kan sanda ba da duka ba.

In zoben da ya kamata a matse ya yi sako-sako, sai ya riƙa sulalewa kaɗan-kaɗan a kan shaf yana cinsa. Alamarsa ita ce wata ƙura ja-ja kamar garin tsatsa, ko kuwa a ga wurin ya yi sulɓi yana ƙyalli. In kuwa matsin ya yi yawa, zoben ciki zai buɗe ya cinye 'yar tazarar da a ka bar wa ƙwallaye. Sai boris ya ɗau zafi, giris ya narke, wani lokaci zoben ya tsage. Ashe sakewa ɓarna ce, matsewa fiye da kima ma ɓarna ce.

To, nawa ne daidai? Abin ya fi ƙarfin ido. Ana auna shi da maikuron, watau milimita ɗaya a raba ta dubu. Kaurin gashin kan mutum ya kan kai maikuron 70 ko kusa da haka. Mu ɗauki boris mai lamba 6205, wanda ya ke ko'ina. Raminsa milimita 25 ne, faɗinsa na waje 52, kaurinsa 15. In shaf ne ke juyawa da matsakaicin nauyi, masu ƙera boris sun ce a yi shi bisa awon da su ke kira k5, watau kada ya gaza milimita 25.002, kada ya wuce 25.011. Gidan kuwa a yi shi bisa awon H7, daga 52.000 zuwa 52.030. Kun ga duk abin da ya raba shaf mai kyau da maras kyau bai kai rabin kaurin gashi ba. Don haka tef da rula ba su da amfani a nan, sai ma'aunin da a ke kira maikuromita. In za ka kai aiki wurin mai injin sassaƙa ƙarfe, ko a Panteka ta Kaduna ko a garinku, tambaye shi ko yana da shi, ka kuma tafi masa da sabon boris ɗin da lambarsa.

'Yan kasuwa da akawunan sito, ga naku. Lambobi biyu na ƙarshe su ke faɗin girman rami. Daga 04 zuwa sama a riɓa su sau biyar: 6204 milimita 20, 6205 milimita 25, 6206 milimita 30. Na ƙasa da haka sai a haddace: 00 shi ne 10, 01 shi ne 12, 02 shi ne 15, 03 shi ne 17. A kula kuma, inci ɗaya milimita 25.4 ne, ba 25 ba. Boris ɗin inci a kan shaf ɗin milimita 25 zai yi ta rawa, na milimita kuwa ba zai shiga shaf ɗin inci ba sai an ɓata ɗayansu. In ka ga C3 a bayan lamba, ma'anarsa tazarar ƙwallayensa ta ɗan fi ta kullum, an yi shi domin wurin da ke da matsi ko zafi. In C3 a ka cire, C3 za a mayar.

Akwai kuma irin wanda ke zuwa da gidansa, kamar UCP 205, da a ke yawan sa wa injinan sussuka ƙirar gida. Shi ba a matse shi. Zurma shi a ke yi a kan shaf, sa'an nan a ɗaure 'yan sukurorinsa biyu. A riƙa duba su, gama girgiza ta kan kwance su.

Wajen sawa kuma a kiyaye abu uku. Na ɗaya, kada a bugi boris da guduma kai tsaye. A sami guntun bututu mai tsabta wanda bakinsa ya hau kan zoben da a ke matsewa kaɗai, a buga a hankali. In ka bugi zoben waje domin na ciki ya shiga, ƙwallaye za su lotsa hanyarsu, boris ya mutu tun bai soma aiki ba. Na biyu, in ya ƙi shiga a ɗumama shi cikin mai mai tsabta. Zafin da ya ɗara na shaf da digiri 80 ya kan buɗe ramin milimita 25 da wajen maikuron 24, ya kuwa isa. Kada zafin ya wuce digiri 120, kada a sa shi a harshen wuta, kuma mai marfin roba da giris a ciki ba a tsoma shi a mai. Na uku, a yi aikin a kan tabarma ko takarda, nesa da ƙurar hunturu.

Sauran maganar dabarun gaggawa. Wasu in shaf ya cinye sai su sassare shi da kurfi don ya yi ƙaiƙayi, ko su naɗa masa gwangwani. Wannan zai riƙe kwana kaɗan, sa'an nan tsinin ya kwanta, a koma gidan jiya, har shaf ɗin ya ƙara lalacewa. Gyaran gaskiya shi ne a cika wurin da walda a sassaƙe shi zuwa awonsa, ko a sa masa hannun riga na ƙarfe, ko a sake shaf ɗungum. Masu injin niƙa mai guduma kuma su lura: in guduma ɗaya ta karye, nauyi ya kan koma yana zagayawa tare da shaf, sai zoben waje ya soma cin gidansa. A daidaita gudumomin tukuna.

Saboda haka duk wanda boris ya mutu masa sau biyu a wuri ɗaya, kada ya sayi na uku sai an auna shaf da gidan. Kuɗin awo bai kai na kadada guda da ta bushe ba, rigakafi kuwa ya fi magani. Allah ya ba mu rani mai albarka, amin.

Malamin Gona