Yini Uku Da Kuɗin Adashe: Daga Makarfi Zuwa Zariya, Kano Da Bakin Ruwan Tiga

Kamar kullum, ga shirinmu na wannan makon a rubuce, saboda waɗanda datarsu ba za ta kai su saurara ba.

Makon jiya muna zaune a majalisa bayan Isha'i, wani ƙaninmu ya miƙo min wayarsa. Bidiyon wasu samarin Indiya ne, sun goya jakunkuna sun shiga jirgin ƙasa, sun je wani gari mai tsofaffin wuraren bauta, daga nan suka gangara ƙauyen masunta a bakin teku. Ya ce, "Yaya, ka ga masu more ƙuruciya. Mu kuwa daga gonar rake sai majalisa." Na tambaye shi sau nawa ya je Zariya, ya ce ba zai iya ƙirgawa ba. Na ce to ka taɓa shiga cikin birni ka tsaya a ƙofar fada? Ya ce a'a, iyakarsa PZ da Samaru.

To ka ji inda matsalar take. Makarfi tana tsakanin Zariya da Kano, biranen da mutane ke biyan kuɗin jirgi daga Turai su zo su gani, mu kuma muna ratsa su ido a kan waya. Teku dai ba mu da shi, sai an dangana da Legas, amma muna da Tiga. Yau zan bayyana yadda mutum huɗu ko biyar za su yi wannan zagayen cikin yini uku, kwana biyu a waje, ba tare da sun sayar da waya ko sun ci bashi ba.

Mu fara da kuɗin, tunda nan hankalin kowa yake. Ba zan faɗi kuɗin mota ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashi bai zauna wuri ɗaya ba. Abin da na faɗa yau, kafin ku tashi ya canja. Ku je tasha da kanku saura kwana biyu ku tambaya. Abin da ba ya canjawa shi ne inda kuɗin ke tafiya: mota, abinci, wurin kwana, sai kuɗin shiga wurare da ɗan ihsani ga masu nuna muku. Ni yadda nake rabawa, a duk naira 100 ina ware 45 ga mota, 20 ga abinci, 10 ga shiga wurare, 10 ga tsarabar mai masauki, sauran 15 kuma a ɓoye su kamar babu su. Wannan 15 ɗin na ranar da mota ta lalace ne ko wani ya kwanta ciwo.

Kun lura ban sa otal ba. Da gangan ne. Wuya ka sami ɗan Makarfi, ko Ikara, ko Kudan, da ba shi da ɗan'uwa ko abokin karatu a Kano. Ka kira shi tun saura mako guda, ka faɗa masa ku nawa ne da kwana nawa za ku yi, kada ku faɗo masa kamar ruwan bazara. Ku riƙe masa mazarƙwailar garinmu da ɗan rake. Wallahi wannan tsarabar ta fi kuɗi daraja a gidan mutum, kuma ba ta kai kuɗin ɗaki ɗaya na dare ɗaya ba.

Tara kuɗin kuma, adashe za ku yi. Kowa ya riƙa zuba abin da aka yanke duk mako har wata biyu ko uku, a hannun mutum ɗaya da kuka yarda da shi, shi ne kuma zai riƙa biya a hanya yana rubutawa. Na koyi wannan da wahala. Tafiyarmu ta farko mu takwas ne, kowa da kuɗinsa a aljihu, ba ma'aji. A Kano muka ɗauki shatar adaidaita sahu biyu yini guda saboda ƙyuyar tambayar hanya, wasu suka afka wa tsire da lemo, da za mu dawo mutum uku ba su da kuɗin mota. Sai da muka yi karo-karo a tasha, mutane na kallonmu. Tun daga ranar ba na wuce mutum biyar, kuma kuɗin komawa gida shi nake fara cirewa in ajiye daban.

Yanzu hanyar. Ranar farko ta Zariya ce. Ku fita bayan Asuba, ku karya a gida. Da kun isa ku nufi cikin birni ta Ƙofar Doka. A hanya za ku ga abin da ya rage na ganuwar Zazzau, wadda ake dangantawa da zamanin Sarauniya Amina. Ku tsaya a ƙofar fada ku kalli zanen da ke jikin ginin, amma kafin ku ɗaga waya ku gaida dogarai ku nemi izini. Kusa da fadar nan ne wurin Babban Masallacin Juma'a, wanda Muhammadu Durugu, da aka fi sani da Babban Gwani, ya gina da ƙasa a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, cikin shekarun 1830. Masu nazarin gine-gine a duniya sun yi rubutu a kan bakan gizon rufinsa, har an gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Nan kuma dole in tsaya. Ranar 11 ga Agustan 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na wannan masallaci ya rufta, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙansu da rahama. Da yawanmu mun yi shekaru muna wucewa ta Zariya ba mu taɓa shiga mun ɗaga kai mun kalli aikin Babban Gwani ba, har abin ya faru. Shi ya sa nake cewa wannan tafiyar ba ta "wata rana" ba ce. Ginin ƙasa ba ya jiran ka yi kuɗi.

In lokaci ya ba ku dama, ku leƙa Wusasa kafin Azahar. Can akwai cocin Saint Bartholomew da aka gina a 1929, shi ma da ƙasa, da salon ginin Hausa, ga dutsen Kufena yana kallonku. A Wusasa Janar Yakubu Gowon ya taso. Ko ba addininka ba ne, ka gaisa da masu kula da wurin, ka nemi izini, ka kalli yadda maginan ƙasar nan suka yi aiki. Yadda kake so baƙo ya mutunta masallacinku, haka za ka yi a wurin ibadar wasu. Da kun yi Azahar ku ci abinci, ku hau motar Kano. Ƙa'idar ita ce Magariba ta same ku a gidan mai masaukinku.

Ranar biyu Kano ce gaba ɗaya, kuma a nan ake asarar kuɗi ko a tsira da su. Sirrin shi ne wuraren suna kusa da juna, ƙafa za ta yi muku rabin aikin. Ku fara da Dala da sassafe kafin rana ta yi zafi. Tarihin Kano ya nuna a kan wannan dutse Barbushe yake jagorantar bautar Tsumburbura kafin Musulunci ya kafu a garin. Daga sama za ku ga birnin a shimfiɗe, ku gane yadda gari ya faro daga gindin dutse ya bazu. In kun sauko ku shiga Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Fatake daga Agadas da Arewacin Afirka sun yi ciniki a lungunan nan. Ku shiga da ido, ku bar aljihu a rufe, sai in akwai abin da kuka ware wa kuɗi tun daga gida.

Daga Kurmi ku taka zuwa Babban Masallacin cikin gari, wanda aka yi ginin da ake gani yanzu a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Yana jikin Gidan Rumfa, wato fadar Sarki. Tsallaken filin fadar kuma Gidan Makama ne, gidan tarihi. A nan za ku biya kuɗin shiga, kuma a nan ne nake ba da shawarar kada ku yi rowa: ku nemi ma'aikacin da zai zagaya da ku ya yi bayani, ku haɗa masa ɗan abu in kun gama. Zagayen awa ɗaya da mai bayani ya fi yini guda kuna ɗaukar hoton abin da ba ku san sunansa ba. Ku rufe da marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Ku tambayi masu rinin yadda ake haɗa baba da toka, za su faɗa muku. A hanya ku lura da badala. Tun zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, aka fara ta, amma yau wurare da dama ta zaizaye, wasu wuraren an yi gini a kanta.

Wani zai ce, tunda an zo Kano me zai hana a ƙarasa Daura a ga rijiyar Kusugu? Na gane, ni ma ina son Daura. Amma zuwa da dawowa zai cinye muku yini guda da kuɗin mota biyu, ku dawo a gajiye kuna tseren dare. Tafiyar talaka ba ta son haɗama. Ku bar Daura da hasumiyar Gobarau ta Katsina su zama adashe na gaba.

Ranar uku ita ce ta ruwa, kuma tana kan hanyarku ta komawa gida, shi ya sa na sa ta a ƙarshe. Tiga tana ƙaramar hukumar Bebeji, ana ratsewa daga babban titin Kano zuwa Zariya. An kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano, kuma tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ruwan nan ne ke bi ta magudanai ya shayar da noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, wato shinkafa da tumatirin da kuke gani a bakin titi. In ka tsaya a gaɓa, wani wurin ba ka hango ɗaya gefen sosai. Ku yi ƙoƙari ku isa da hantsi, ku zauna da masunta, ku ga koma da kwale-kwale, ku sayi kifi a inda aka kamo shi a soya muku. Mu da muka saba da noman rake, hira da wanda abincinsa ke cikin ruwa makaranta ce.

Sai dai a nan zan ɗaure fuska kaɗan. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, wankan rafi da damina ba iyo ba ne. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, a jihar Kano ɗin nan, mutum fiye da 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Saboda haka in babu rigar kariya daga nutsewa, kada ka shiga kwale-kwale. In ka ga an cika shi, ka fita ko da ka biya. Kada a miƙe tsaye a ciki don hoto, kada a shiga da yamma ko in iska ta taso. In abokanka sun ce kai matsoraci ne, ka amsa, ka zauna a gaɓa ka ci kifinka.

Sauran ƴan abubuwa kafin mu rufe. Lokacin da ya fi shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu: ba ruwan sama, an gama aikin gona, aljihu da ɗan nauyi. Ku riƙe rigar sanyi. Ku guji makon Sallah, mota tsada ga cunkoso, sai fa in Hawan Daushe kuke son gani, shi kuma lissafinsa daban. In Juma'a ta faɗo cikin kwanakin, ku sani cikin gari zai cika daga hantsi har bayan an sauko. Ku hau mota a tasha, kamar Unguwa Uku in kuna barin Kano, ban da tare mota a bakin titi don ragin naira ɗari biyu. Ban da tafiyar dare ko kaɗan. Kowa ya riƙe katin shaida, da tsabar kuɗi ƙanana domin tiransifa kan maƙale a ƙauye, da gorar ruwa, da guzurin ƙuli-ƙuli da dabino da garin kwaki. A gida kuma a bar wa wani babba bayanin inda za ku kwana da lambar mai masaukin.

Ƴan'uwana mata, wannan zagayen naku ne ku ma. Ku nemi izinin iyaye, ku tafi a ƙungiya tare da yaya ko wata babba, ku sauka gidan dangi. Na san ɗalibai mata da suka yi na Zariya kaɗai cikin yini ɗaya, suka dawo kafin La'asar. In yini uku ya yi yawa, a fara da wannan.

Shi ƙanin nawa da ya nuna min bidiyo, sun fara zubi su huɗu ranar Juma'ar da ta wuce, kuma ni suka ba riƙon kuɗin. Na ce musu duk wanda ya tsallake zubi biyu, a Tashar Yari za mu bar shi yana ɗaga mana hannu.

Allah Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.